Taƙi Ɗaya Tsakanin Hannun Baba da Bakinsa

Tun ina ƙarama a ƙofar gidanmu na unguwar Zongo ake cin abincin magariba. Da an sallame salla sai a shimfiɗa tabarma a gindin katanga, a fito da babban tire na tuwon masara da miyar kuɓewa, Baba ya zauna da abokansa fataken shanu, su shida, wani lokacin bakwai idan baƙo ya sauka daga arewa. Ban taɓa ganin ya ci abinci shi kaɗai ba. Bayan rasuwar Inna ni na karɓi girkin, don ni ce babba, gidan mijina kuma lungu biyu ne tsakaninmu.

Ana saura kwana tara Layya, suna sauke shanu daga mota, wani bijimi ya matse Baba da jikin motar. Aka kawo shi gida yana haɗa gumi, gwiwar hannunsa na dama ta kumbura ta yi suntum. Ƙanena, wanda shi kaɗai ya yi nisa a lakol, wato boko, a gidanmu, ya dube ni ya ce, "Yaya, mu kai shi lopital, asibiti, a yi masa radiyo, hoton ƙashi, a ga abin da ya karye."

Ni dama Allah ya yi ni da baki, a Zongo ba wanda bai sani ba. Na ce, "Lopital ɗin me? Mutanen da ba su iya komai ba sai yanka? Don ka yi lakol shi ne za ka koya wa mutane ɗori? Matsa ka ba ni wuri." Na yi ta zazzaga masa har ya sunkuyar da kai ya fita. Na aika aka kira mai ɗori.

Mai ɗorin aminin Baba ne, ɗaya daga cikin masu zama a tabarmar nan, sana'ar kuma gadonta ya yi. Shi ya ɗora ƙafar mijina lokacin da babur ya kaɗe shi a Godomey, ga shi yana takawa garau har yau. Ya zo da tsagin gora da tsumma da man kaɗanya. Ya ce, "'Yata, riƙe min nan, ja shi ya miƙe sosai." Na riƙe tsintsiyar hannun Baba na ja da iya ƙarfina, Baba yana salati. Aka jera gora tun daga dantse har wuyan hannu, aka ɗaure tamau a miƙe, kamar yadda ake ɗaure ƙauri. Ya ce kada a taɓa sai bayan kwana arba'in.

A kwanakin nan ni nake ba shi abinci a baki, a ɗaki. Yana karɓa yana tsokanata, wai tsufa ya mayar da shi ɗan yaye. Bai damu ba, don ya san abin na ɗan lokaci ne.

Ranar da aka kwance, ƙashi ya haɗu, kumburi ya saɓe, kowa yana hamdala. Sai dai hannun ya ƙi lanƙwasuwa. Mai ɗori ya ce a riƙa gasawa da ruwan zafi, zai saki. Da magariba Baba ya sa farar rigarsa ya fita tabarma. Ina laɓe a zaure ina kallo. Ya yi bisimilla, ya yanko loma, ya dangwalo miya, ya ɗaga. Hannun ya tashi daga kafaɗa a sanƙare, ya tsaya can gaban fuskarsa. Ya miƙo wuya, ya sunkuyo, miya tana zuba a kan rigarsa. Ya ajiye lomar a bakin tire, ya wanke hannu, ya shigo gida ya wuce ni bai dube ni ba.

Daga ranar ya daina fita. Na ce ya ci da hagu, ya yi min wani kallo har na ji kunyar kaina. Liman da kansa ya zo ya zauna da shi, ya ce, "Alhaji, lalura ce, Allah ba ya ɗora wa rai abin da ba zai iya ba."

Baba ya ce, "Gaskiya ne, Malam. Amma shekara saba'in na san aikin da hannun nan yake yi min a bayan gida. Ban iya kai shi baki ba."

Na ɗaura cokali a jikin doguwar sanda na kawo masa, ya ce in kai wa birin gidan kallo. Abincin da nake ba shi a baki ma ya fara ture shi, loma uku ya ce ya ƙoshi. Kafin wata biyu wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Ƙanena ne ya ɗauke mu zuwa wani asibiti a unguwar Akpakpa, hayin gada, bai kuma ce min ai na faɗa miki ba, abin da ya fi zagi ciwo. Aka ɗauki hoton ƙashin, likita ya ɗora shi a jikin fitila, ƙanena yana fassara. Ya ce karayar ta shiga har cikin gaɓa, gaɓa kuwa ba ta son dogon zama, idan aka hana ta motsi sai ta daskare. Ya lanƙwasa nasa hannun ya kwantar a kan cikinsa, ya ce ko da za a ɗaure gwiwar hannu, a haka ake ɗaure ta, don ko ta sanƙare mutum ya iya kai hannu baki. Ya tambaya wa ya miƙar da shi haka. Na dubi tafin hannuna. Maganar aiki kuwa, ya auna zuciyar Baba da shekarunsa ya girgiza kai. Ya tura mu wurin kine, matar da ke motsa gaɓoɓin da suka ƙage.

Ita Bafona ce, 'yar ƙabilar garin, gajeriya mai ƙarfin hannu, ta iya Hausar kasuwa. A ɗakinta akwai ƙwarangwal na roba a rataye. Na tsorata da shi, Baba kuwa ya matsa kusa yana dubawa kamar an kawo masa sa zai taya. Ta kama kafaɗar ƙwarangwal ta juya ta ko'ina, ta ce, "Papa, wannan kamar taɓarya cikin turmi, gaba, baya, zagaye, duk tana zuwa. Ƙugu ma haka." Ta nuna wuya, inda kai ke juyawa dama da hagu a kan ƙashi guda. Ta nuna layukan da ke ƙoƙon kai, ta ce su ma gaɓoɓi ne, amma an yi su don kada su motsa. Sannan ta kama gwiwar hannu. "Wannan ƙyauren ƙofa ne, buɗe da rufe kawai. Taka ƙofa ta daɗe a buɗe."

Baba ya ce, "Na san wannan. A jikin sa, bakin ƙashin fari ne sumul, da ɗan ruwa mai yauƙi kamar kuɓewa."

Ta yi dariya ta ce shi ne guringuntsi da ruwan gaɓa, da ya zo lakol da ya zama dokita. Ranar ce na ga haƙoran Baba karon farko tun da aka kwance ɗorin.

Sau uku a mako muke haye gada zuwa wurinta. Ta gasa hannun, ta dafe dantsen, ta tura a hankali har sai Baba ya ciji gefen rawaninsa. Idan mun dawo gida sai ya zauna a bakin gado, ya lanƙwasa iya ƙarfinsa, ya sunkuyo da kai, ni kuma in auna tsakanin yatsunsa da bakinsa. Da farko ya fi kamu. Ya dawo taƙi biyu, ya dawo taƙi da rabi. Duk yatsa ɗaya da muka samu sai ya ce in ƙara masa tuwo. A wata na huɗu ya tsaya a taƙi ɗaya. Muka ƙara wata biyu, taƙi ɗayan nan ko gezau. Wata ranar Laraba matar ta riƙe hannunsa da hannuwanta biyu ta ce, "Papa, ƙashi ya toho a ciki, ya tare ƙofa. Idan na ƙara turawa zan karya ka." Baba ya yi mata godiya, ya sa mata albarka.

A gida na kawo masa fura ya kau da kai. Abin da ke cin raina wata takwas ya ƙwace min, na durƙusa na fashe da kuka. Na ce, "Baba, ni ce. Ni na hana a kai ka asibiti, ni na ja hannun nan da hannuna. Ka yafe min."

Ya dube ni. Sannan ya ce, "Ke, hannuna ne ya karye, kunnena lafiya lau, duk ina jinku ranar. Da na so asibiti bakinki ne zai hana ni? Tashi. Dubi yadda kika rame, kin fi ni. Tashi ki ɗora tuwo, yau a waje zan ci."

Na san don ni ya yi. Na tuƙa tuwon nan kamar na salla, na sa wa miyar busasshen kifi. Abokansa suka yi ta murna, mai ɗori har da share hawaye da bakin riga. Baba ya zauna a wurinsa na da. Ya ɗora hannun dama a kan gwiwarsa, ya yi bisimilla da ƙarfi, ya sa hagu a tire. Lomar farko ta warwatse masa, ta biyu ta shiga. Ina zaure na toshe bakina da mayafi.

Babu wanda ya faɗi maganar banza, wallahi ko ɗaya. Hira suka yi ta yi, ta tsadar mota da ruwan da ya ƙi sauka a arewa. Mutanen kirki ne, suna kuma ƙaunarsa. Amma ina kallon hannuwansu. Kowa yana ci ta gabansa, idan ya matso kusa da inda yatsun Baba suka taɓa sai ya kauce, ban jin ma sun san suna yi. Tiren da kullum ake suɗe shi tas, ranar aka tashi da tudun tuwo a gefe guda, da shatar yatsu huɗu a jikinsa. Baba ya dube shi, ya dubi abokansa, ya yi hamdala ya shigo. Bai ƙara zama a tabarmar ba har Allah ya karɓi abinsa, kafin wata Layyar ta zagayo.

Da na shigo da tiren madafa ranar da ya ci da hagun nan, na ajiye shi a ƙasa na daɗe ina kallo. Na so in fita in zage su ɗaya bayan ɗaya, na rasa da wane baki. Sai na zauna na jawo shi gabana, na fara daga inda shatar yatsun take, ina ci ina kuka, har na cinye.