Kaset Ɗin Da Ba Ya Magana

A farkon shekarun casa'in ni ɗalibi ne a Landan, mai kwat ɗaya da cika baki, bizata kuwa ta daɗe da ƙarewa. Ina aikin sauke kaya a shagon wani Alhaji Bakano a Deptford, tare da wani dattijo mutumin Kumasi da ke tsaron kanta. Alhaji yana da wata ɗabi'a: ba ya miƙa wa babba taimako hannu da hannu, don kada ya ba shi kunya. Sai ya juya baya yana gyara buhunan gari, ya ce a buɗe aljihun tebur a ɗauka.

Haka aka yi ranar da labari ya zo cewa matar dattijon tana asibiti a gida. Da kunnena na ji Alhaji ya ce ya ɗebi fam ɗari uku, kuma kada ya kuskura ya yi godiya. Bayan sati biyu Alhaji ya rasu. Ɗansa, haifaffen Landan, ya kalli kaset ɗin kyamarar shago, ya ga an ɗebi kuɗi a bayan idon mahaifinsa, sai ya kira 'yan sanda. Lauyan dattijon ya same ni har ɗakina a Plumstead, ya ce shaidata kaɗai za ta fitar da shi. Na ce ban ji komai ba. Tsorona kada a tambayi takarduna a tusa ƙeyata gida.

Duk da haka ranar shari'a na je na raɓe a bencin baya. Aka kunna kaset, baƙi da fari, ba sauti, kamar finafinan zamanin da. Ga bayan Alhaji, ga hannun dattijo, ga ni a gefe riƙe da kwali. Lauyan gwamnati ya tsayar da hoton daidai kaina, ya tambayi dattijon ko wane ne wannan. Dattijon bai ko waiwayo ba, ya ce mai sayayya ne, bai san shi ba. Aka ɗaure shi, da ya fito aka mayar da shi Ghana.

Daga baya na sami takarduna, amma ban sami natsuwa ba, kuma har yau ina jin kunyar kaina. Jama'a, duk wanda Allah ya sa ya zama shaida, ya daure ya faɗi gaskiya a lokacin da za ta yi amfani. Dattijon ya yi ƙarya don ya rufa min asiri, ni kuwa gaskiya kawai aka nema a bakina, na kasa.