Daren da Baba Ya Ƙi Kunna Tocila

Wata Asabar ce a ƙarshen Nuwamba, ƙarfe goma na dare, ina 'yar shekara goma sha ɗaya. Mu biyu ne a kan dutsen da ke bayan gonar cittarmu kusa da Godogodo, ni da mahaifina, malamin kimiyya a wata sakandare a Kafanchan. Ya kafa kyamara mai dogon baki a kan ƙafafu uku, ya auna ta kusa da taurarin nan uku da ke jere, inda ya ce akwai wani gajimare da ake haifar taurari a cikinsa, nebula sunansa. Ya daɗe yana jiran daren da babu hadari babu farin wata. Dokarsa ɗaya ce: in idon kyamara ya buɗe, ba haske, ba motsi.

Ƙauyen ma yana da tasa dokar. Shekarar ta zaman ɗar-ɗar ce, samari na kwana sintiri da bindigogin toka. Duk wanda aka haska wa tocila sau biyu daga nesa, sai ya mayar da haske sau biyu, ya faɗi sunan gidansu. Har wasan wannan muke yi a filin makaranta.

Na ga hasken daga gindin dutse, sau biyu. Tocilarmu na hannun Baba. "Saura daƙiƙa ashirin," ya raɗa mini. Aka sake haskawa, bai motsa ba. Daga nan aka kashe fitilar. Na ji ciyawa na karyewa ta dama da hagu, na ji an ɗana bindiga. Ga wanda ke ƙasa, abin da ke kan ƙafafu ukun nan bai yi kama da kyamara ba. Fitsari ya bi ƙafata. Sai ji na yi ina kururuwa: "Gidan Ticha Ayuba ne! Ni ce Saratu!"

Aka dalle mu da tocila. Can muryar Ɗanladi, tsohon ɗalibin Baba, ta taso: "Haba, Sa! Allah ya sani yatsana na kan kunamar bindiga. Da me zan gaya wa Maman Saratu a coci gobe?"

Yanzu fitilun sola sun cika unguwarmu a Kafanchan, taurarin da 'yata ke gani ba su wuce a ƙirga ba. Nakan yi kewar wancan baƙin duhun, ko da yake har yau gabana na faɗuwa in an haska ni. Hoton bai fito ba, tocilar Ɗanladi ta wanke shi fari fat. Baba bai sake hawa dutsen ba har ya rasu.