Irin Albasar Inna

Jiya ruwan farko ya sauka, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo har madafa, sai mahaifin mijina ya faɗo mini a rai, Allah ya jiƙansa.

Shekarar da aka kawo ni Sabo, unguwar mutanenmu a ƙasar Yarbawa, tana sabuwa, ya samu ɗan fili wajen Mokola. Na zo da irin albasa ƙulle a tsumma, abin da Inna ta bar mini ke nan da za ta rasu. Ya karɓe duka. Ya haƙa fangali mai zurfi don ya riƙe ruwa, yadda ake yi a fadamar garinmu.

Ranar shuka na kai masa abinci, na durƙusa. "Baba, na ga Yarbawa tara ƙasa suke yi sama, wai ruwan nan yawa gare shi. Ko a rage mini irin kaɗan?"

"Ke 'yar nan, yaushe kika zo duniya?" Haka yake ce wa kowa. Ya miƙo tsumman. "Zuba da hannunki."

Na zuba duka. Ruwa ya yi ta sauka har fangalin ya zama kududdufi. Da ya janye, sai taɓo da wari.

A gaban mijina da 'yan dako masu wucewa ya nuna ni da sandarsa. "Ku dubi hannun nan. Ya yi jinyar uwa ta mutu, ya taɓa iri ya ruɓe." Suka kwashe da dariya. Mijina ya sunkuyar da kai.

Tun daga ranar ban sake shuka komai ba, ko barkono a fasasshiyar tukunya.

Ya Allah, ka sassauta masa ƙasar da yake kwance a ciki. Kada ka tambaye shi a kaina.