Taki Biyu na Ƙasa

Ni da hannuna na binne mabiyiyar jikokina goma sha ɗaya, duk a bayan ɗakina na unguwar Limawa, inda ruwan wankan jego yake gangarewa. Na san yadda ake wanke ta, na san yadda ake kwantar da ita cibiya na kallon sama, domin iyayenmu sun ce in aka kife ta, mai jegon ta gama haihuwa ke nan. Ko a maƙwabta aka haihu, ni ake aiko wa.

Ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, shi kaɗai ne ya shekara tara da aure ba haihuwa. Shekarar da Allah ya ba matarsa ciki, a cikinta ya tashi gina gida a sababbin filayen nan na bayan gari, inda da muke zuwa roron gyaɗa. Ya ce da ni za a koma.

Wata ranar Asabar ya shigo mini da mai zanen gidan, wani siririn mutum da suke ce wa Injiniya. Suka baje takarda a kan tabarmata, suka danne kusurwoyinta da kwanon gorona da takalmi. Ni ban san takarda ba, amma na san gida. Na ce ya faɗa mini da baki.

Ya ce gidan zubin kankare ne tun daga ƙasa har rufi, ba kwano, ba fenti, haka za a bar shi da launin toka. Taga kuwa bango guda, gilashi zalla. Na ce, "To yaushe za a ƙarasa shi?" Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ai ƙarasawar ke nan." Na ce Allah ya kyauta, mu a nan tankin ruwa ake bari haka.

Ya nuna falo, ya nuna kicin, ya nuna ɗakina da banɗaki a cikinsa. Duk na haɗiye. Sai na ce, "Tsakar gidan fa?" Ya ce za a shimfiɗe ta da intalok, bulo ƙanana jere har bakin ƙofa, ko ɗigon taɓo ba zan taka ba da damina.

Na ce, "A bar mini ƙasa. Taki biyu, a bayan ɗakina."

"Ta mece ce, Hajiya?"

To ka ji. Baƙon namiji, ga ɗana na fari zaune a gefe, cikin kuma nasa ne. Da wane bakin zan faɗa? Na gyara mayafina na ce, "Ina da amfani da ita." Ɗan nawa ya ce, "Inna tana son shuke-shuke ne, Injiniya, a yi mata." Mutumin ya zana ɗan akwati a takardar da alƙalami, ya nuna mini da yatsa. Na ce madalla. Na ɗauka mun gama magana.

Sau biyu aka kai ni wurin ginin a mota. Rodi tsaye ko'ina, injin kwaɓa siminti na ruri, ƙafafuna ga ciwo. Ban iya zagayawa baya ba, na dai tambayi birkila, ya ce wurin Hajiya na nan, ba a manta ba.

Muka tare matar ɗan nawa na cikin watanta na tara. Gidan in rana ta take sai ka ce tanda, in ka yi tari ya amsa maka. Na je bayan ɗakina na tarar da wurina: an yi masa baki mai kyau da siminti, an cika shi da baƙar ƙasa, har an dasa fure ja. Na tumɓuke furen na ba akuyar maƙwabta.

Ranar wata Laraba da hantsi ta sauka a asibiti, mace. Ƙanwata, wadda ta zauna da ita, ta kawo mini mabiyiyar a leda cikin bokiti mai murfi. Na wanke ta yadda na saba, na ɗauki fartanyata. Sara uku, na huɗu ƙarfe ya ce ƙwal. Na matsa gefe, ƙwal. Na sa hannu na yaye ƙasar, sai ga kankare shimfiɗe a ƙarƙashi. Ashe kwami Injiniya ya gina mini, zurfinsa bai wuce tsawon tafin hannu ba, wai don kada ruwa ya taɓa gindin gini. Ko mage ta tona wurin nan sai ta kai.

Na zauna a bakin simintin, bokiti a gabana. Ƙanwata ta ce, "Yaya, mu hau adaidaita mu kai Limawa mana." Na ce gidan da aka zuba 'yan haya? Yarinya da gidan ubanta, a kai mabiyiyarta hannun baƙi? Ta ce, "Da kin buɗe baki tun ranar takarda, da ba mu zo nan ba. Ke da kunyarki kamar amarya." Gaskiya ta faɗa.

Muka bi gidan muna buga ƙasa da ƙotar fartanya. Bayan ɗakuna duk zubi ne. Sai can gaba, kusa da ƙofar shiga, muka sami bulo ɗaya yana motsi. Na aiki maigadi sayen goro a nesa. Tsofaffi biyu, muka durƙusa da wuƙar kicin muna ɓamɓarar intalok. Muka ɗaga shida, muka kwashe yashi, sai ga jar ƙasa ta Dutse, irin wadda na sani. Na haƙa har gwiwar hannu, na yi bismilla, na kwantar da ita cibiya sama. Muka mayar da bulon, ɗaya ya ƙi zama daidai har yau. Sai da ƙanwata ta kama ni na miƙe.

Da la'asar ɗan nawa ya dawo, ya shigo da mota, ya tsayar da tayar gaba daidai a kan wurin. Ashe nan ne mazaunin motar a takardar.

Ban ce masa komai ba, ba kuma zan ce ba. Washegari na sa aka fito mini da kujerata 'yar tsugune, na dasa ta a kan bulo shidan. Kullum kafin la'asar ina nan zaune, ba inuwa, bango na huci. Yakan danna ham ya leƙo ya ce, "Inna, duk faɗin gidan nan sai nan?" In ce nan ɗin nake jin iska. Sai ya ja baya ya ajiye motar a gefe.

Yarinyar ta fara rarrafe yanzu. Bayana kuwa tun ranar bai koma daidai ba.