Geza a Hoton Dogo

Baffana ya yi shekara talatin da biyu yana haƙar rijiya. Bai iya karatu ba, amma kafin ya sa diga a ƙasa sai ya zagaya fili yana kallon tsirrai. Idan ya ga sabara, ya san yashi zai tarar. Idan geza ce, sai ya ce wa mai filin ya tanadi haƙuri, don marmara ce a ƙasa. Da gwiwa ta hana shi shiga rami, sai ya koma zama a ƙofar gida yana gyara wa mutane guga.

Babban ɗansa, Dogo, ya bar gida da cewa ya samu aiki a tashar jiragen ruwa, can bakin teku. Bayan wata huɗu ya turo hoto a wayata: ga shi tsaye da hular kwano, yana murmushi. Goggo, mahaifiyarsa, ta ce iskar teku ta karɓe shi.

Baffa ya karɓi wayar. "Matso mini da abin da ke bayansa."

"Baffa, ga fuskarsa nan."

"Na san fuskarsa."

Na matso da hoton. Wani ƙaramin icce ne mai rassa da yawa tun daga tushe, da ƙananan ganye, da fure fari-fari a cure.

"Geza ce," in ji shi. "A fako take fita, kan tsakuwa da jar marmara, inda ruwan sama bai da yawa. Ban taɓa jin ta je teku ba."

Goggo ta ce watakila shuka ta aka yi.

"Wa ya rasa aikin yi?"

Washegari Baffa ya sa na raka shi tashar mota. Wurin fasa dutse ɗaya ne a yankinmu inda ake sa hular kwano, tafiyar awa biyu a mota. A can muka sami Dogo, ƙura har gira, yana loda tsakuwa a tifa. Ashe aikin bakin tekun bai samu ba, kunya kuma ta hana shi dawowa. Da ya hango mu, shebur ya faɗi daga hannunsa.

Baffa ya dube shi sama da ƙasa. "Kana cin abinci?"

"Ina ci, Baba."

"To, nuna mini ita."

Dogo ya kai shi bayan ofis. Baffa ya murza ganyen gezar, ya shinshina, ya gyaɗa kai. Muka kamo hanya.

A gida Goggo ta tare mu da tambaya. Baffa ya cire takalmi ya zauna. "Yana lafiya. Tekun ce dai ta ja baya ƙwarai."

Dogo bai bar wurin ba. Yanzu shi ke tuƙa tifar, kuma duk ƙarshen wata yana zuwa gida.