Kajin da Ba Su Yi Cara Ba

A jirgin ƙasa na Jos suka iso, cikin kwali mai huji-huji. Maigidana, wanda ke aiki a tashar Kafanchan, shi ya ɗauko su har gida yana dariya, wai ga fasinjojin da ba su yanki tikiti ba. 'Yan tsaki ne na kajin turawa, irin da ake kiwo don nama. Lokacin naira ba ta daɗe da fitowa ba, kuma a layinmu na kwatas ɗin ma'aikatan jirgi babu wadda ta taɓa kiwon irinsu.

Surukina, Baba, bayan shekara da shekaru muna yi masa addu'a, ya yarda a yi masa baftisma ranar Ista a ƙauyensu kusa da Fadan Kaje. Murna ta ɗebe ni, na miƙe a gaban zumuntar mata na ce naman baƙi a wuyana yake. Da yake na san kazar gida sai ta daɗe kafin ta isa yanka, tun kafin Kirsimeti na sa aka kawo tsakin.

Malamin gona ya ba ni gwangwani ɗaya na wani gari mai warin busasshen kifi. Ya ce in riƙa barbaɗa kaɗan a cikin abincinsu, yana ƙara musu girma da lafiya. Ya kuma ce wata biyu sun isa wuƙa. Na ce to. A raina na ce bakin 'yan ofis ne kawai.

Girma kuwa suka yi, girman da ya hana ni sukuni. In na je kasuwa hankalina na wajensu. In ina cikin sujada, Allah ya gafarta mini, sai in tsinci kaina ina tunanin ko ruwansu ya ƙare. Kullum da safe sai in ga kamar an musanya mini su da wasu manya.

Ana cikin haka Mama, uwar maigida, ta zo mana kwana biyu. Ta daɗe tsaye a bakin keji, ta kama ɗaya ta jinjina, ta duba kansa, ta kira ni da sunan da ita da Baba suke kira na, irin yadda ake kiran matar ɗa a wajensu.

"Matata, wannan ai jariri ne mai jikin babba. Ya taɓa cara?"

"Ko ɗaya, Mama."

"Ji kukansa, tsiyau tsiyau! Za ki ba dattawan ikilisiya ɗan tsako su ci? Su ce gidanmu ba kunya?"

Maigida ya sa baki: "Mama, waɗannan ba a jiran cararsu. Turawa ne, ba sa tashin kowa da asuba."

"Kai rufe baki, jirgi ka sani. Ko bature sai ya yi gemu kafin a ce masa baba."

Gaskiya ni ma ra'ayina ke nan. A gidan da na tashi ba a sa wa zakara wuƙa sai an ji muryarsa. Ga shi kuma da hannuna na ɗumama su da fitilar ƙwai, ina jin kukansu sai in ji kamar yara ne. Muka bar su. Mama ta ce a ninka musu garin gwangwanin ko muryar ta fito da wuri, aka ninka.

Da zafin Maris ya shigo, sai suka daina tsayuwa. Ƙirji ya yi musu nauyi, ƙafafu suka baje, suna ci a kwance, baki buɗe suna haki. Na jiƙa buhuna na rataya a jikin keji. Na yi musu fifita da faifai. Na ɗauki keji daga gindin mangwaro zuwa bayan kicin, na sake dawo da shi. Tuwo ya ƙone mini ba sau ɗaya ba. Wata rana da tsakar rana ina tsaye, mafi girmansu ya yi fiffika, ya faɗi rigingine, shi ke nan. Washegari wasu suka bi shi. Ista kuwa da saura.

Na ɗaura zani na tafi ofishin gona a ƙafa, ko za a ba ni wani gari. Malamin ya riƙe haɓa.

"Uwargida, har yanzu suna nan? Babu garin da zai taimake su. Zuciyarsu ce ta kasa ɗaukar jikin. Ki yanka yau."

A ranar maigida ya yanka duk waɗanda suka rage, ni ina ɗaki na toshe kunne. Muka fige, muka soya har suka bushe, na zuba a tukunya na rufe su da man gyaɗa. Daga nan sai fargabar ta koma kan tukunya. Kowace safiya in ɗora ta a wuta, in shinshina, in kira maƙwabciyata ita ma ta shinshina. Naman yana ƙara tsukewa, ni ina ƙara ramewa.

Ranar Ista muka isa ƙauye da tukunyar a cinyata. Bayan an fito da Baba daga rafi ana waƙa, aka zauna cin abinci. Naman bai kai ko'ina ba. Sai da muka riƙa tsaga yanka ɗaya gida biyu, na bayan layi romo kawai suka samu a kan acca. Wata 'yar zumunta ta ɗaga nata a rana ta ce, "Uwargida, wannan kaza ce ko kurciya?" Aka yi dariya, ni ma na yi, idona na ƙasa.

Baba yana zaune a kan tabarma da farar rigarsa, kansa bai gama bushewa ba. Haƙoransa sun daɗe da zubewa, rabonsa da nama ya manta. Ya ɗauki nasa ya matsa da yatsa, ya ga ya dagargaje don taushi, ya sa a baki, ya daɗe yana mamula. Sai ya miƙo mini kwanon.

"Matata, akwai saura?"

Na juye masa nawa.