Kalmar da Baba ya ƙi jini

Yau da hantsi, a wani asibiti a unguwar Dokki, aka tura matata ɗakin tiyata za a ciro mata jariri. Wata nas ta waiwayo ta ce min, "Good luck."

Baba na tuna, tsohon da ke sayar da littattafai a unguwar Darrasa, wanda ya riƙe ni kamar ɗansa da na zo ƙasar nan karatu. Shagonsa kullum ƙamshin tsohuwar takarda da shayin na'ana'a. Ya ƙi jinin kalmar nan ta "good luck". Yakan ce, "Turawan Ingila daga mutanen Holan suka aro ta, an ce ma a wajen caca ta fara yawo. Sa'a ce da ba a ambaci Mai bayarwa ba."

Ranar da za a yi masa aikin zuciya, ina riƙe da hannunsa mai sanyi, na ruɗe, bakina ya suɓuce na faɗe ta. Ya harare ni. "Haba ɗana, caca za a yi da ni? Yi min addu'a mana." Kafin in buɗe baki ma'aikatan asibitin sun ce yalla, wato mu je, sun tura gadon. Bai fito da rai ba.

Na san kalma ba ta kisa. Duk da haka na bi gadon matata da gudu ina ihu, "Allah Ya fito da ke lafiya!" Har yanzu ƙofar ɗakin tiyatar a rufe take.

Baba, ga addu'ar da ka nema, ko da ta makara: Allah Ya jiƙanka. Ya Allah, wannan ƙofar, Ka buɗe min ita da alheri.